Wanke bawul ɗin EGR ko sayen wani: wanne ya fi wa mai mota a Kaduna?

Wata biyu da suka wuce motata ta tsiro da wata sabuwar tsiya. Honda Accord ce 'yar 2001, wadda ake ce wa Baby Boy, ta kwana biyu kam amma bata taɓa kunyata ni a hanya ba. In na wuce gadar Kawo na ɗau hanyar Zariya na ɗan taka ta, musamman wajen hawa, sai in riƙa jin wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas a cikin inji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, ga wutar cek injin ta kama ta ƙi mutuwa. Na kai ta wani gareji, yaron shagon ya jona mata kwamfuta ta fitar da lamba P0401, ogan nasu ko bonet bai ɗaga ba yace "Alhaji EGR ɗinka ya mutu, sai dai a sayo wani." Ni kuma da yake ban san kan wannan EGR ɗin ba, wato bawul ɗin da ke maida wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, na bada kuɗi aka je Ori Apata wajen masu sayar da kayan mota aka sayo ɗan Beljiyam aka ɗaura aka goge lambar. Kwana uku cif wutar ta dawo, ƙarar ma dama bata je ko'ina ba, ni ne dai nake yaudarar kaina cewa ta ragu saboda na kashe kuɗi.

Wani dattijon bakanike ne a wajen Panteka ya warware min, kuma abun da ya fara yi shine ya tambaye ni ina tsohon da aka cire. Allah ya taimake ni yana cikin but. Ya juya shi, ya danna ɗan ƙarfen da yatsa ya ga yana motsi, ya ɗago ya kalle ni yace "ɗana, wannan ai lafiyarsa ƙalau, kofa kuka canja alhali zauren ne ya cika da ƙasa." Da ya kwance saman manifol, wato bututun da ke raba wa silindodi iska, ya haska min da tocilan waya sai ga hanyar da hayaƙin ke bi ta toshe ɗam da baƙin kabon, ya daskare kamar gawayi, tsinken tsire ma ba zai wuce ba. Da tsohuwar wayar birkin mashin ya riƙa sakace ta yana fesa mai wanke kabureta, baƙin ruwa na ta gangarowa a kan tsumma. Tun ranar ban sake jin ƙarar ba. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta abun da na fahimta, don wannan tambayar ta a wanke ko a canja ana yawan amsa ta tun kafin a san me ya lalace.

Shi wannan bawul ɗin aikinsa ɗaya ne: yana ɗibar kaɗan daga hayaƙin da ya kamata ya fita ta salansa ya maida shi cikin inji ya sake haɗuwa da iskar da ke shiga. Da farko abun zai yi maka kama da shirme, wa zai shaƙi abun da ya fitar? Amma dalilin shine hayaƙin ya riga ya ƙone, ba zai sake ci da wuta ba, to in ya cike wani ɓangare na silinda sai zafin ƙonewar ya sauka. In zafi ya haura wajen digiri 1,370 a ma'aunin salshiyos, sinadarin naitirojin da oksijin da ke cikin iska suna haɗuwa su haifar da gubar da ake kira NOx, wadda ke cutar da huhu. Tun wajen 1973 aka fara sa shi a motocin Amurka saboda dokar hayaƙi. A injin fetur abun da ake maidawa bai fi kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari ba, a injin gas, wato dizal, kuwa yana iya kaiwa har rabi, shi yasa masu dizal suka fi shan wahalarsa nesa ba kusa ba. Kuma ba kullum yake buɗe ba: a injin fetur, in inji na sanyi a rufe yake, in mota na silo a rufe yake, in ka take totur har ƙasa ma a rufe yake, sai a tafiya ta tsaka-tsaki yake buɗewa.

Wannan bayanin na ƙarshe shi zai nuna maka irin ciwon da motarka ke yi. In kabon ya hana shi rufewa, wato ya maƙale a buɗe, hayaƙi zai riƙa shiga lokacin da bai kamata ba, sai kaga mota na kakkarwa a silo, ka tsaya a danja ta mutu, da safe ta yi wuyar tashi, ta riƙa fizga in ka fara tafiya, lambar da aka fi gani nan P0402 ce. In kuma a rufe ya maƙale ko hanyar ta toshe irin tawa, silo zai yi lafiya lau, sai dai ƙarar nan ta ƙas-ƙas in inji ya ɗau nauyi, lambar P0401. Akwai kuma P0403 da ke nuna matsalar wuta ce, waya ko soket ko koyil ɗin cikinsa, da P0404 zuwa P0406 da suka shafi matsayin bawul ɗin da sansar da ke gaya wa birenbokis, wato ƙwaƙwalwar motar, ko ya buɗe ko bai buɗe ba. Kwamfuta dai bata taɓa cewa "sayi sabo" ba, abun da take cewa kawai ga inda taji ba daidai ba, sauran aikin na mai hankali ne.

Kafin ma a je nan, ka tabbatar motarka na da shi. Wlh na sha jin ana ce wa masu Corolla mai injin 1ZZ ko Camry Big Daddy mai silinda huɗu wai EGR ɗinsu ne ya lalace, alhali waɗannan injinan ba a yi su da bawul ɗin ba, tsarin VVT-i ne ke yin wannan aikin ta hanyar sarrafa lokacin buɗe bawulolin inji. Camry Pencil kuwa tana da shi, irin mai aiki da zuƙar iska, kuma a ita sau da yawa ba bawul ɗin ne ke mutuwa ba, wani ɗan ƙaramin suwic ne mai suna VSV da ke ba shi iskar, ko kuma siraran tiyo ɗin roba da zafi ya busar suka tsattsage. Tiyo na 'yan kuɗi kaɗan ya sa mutum ya sayi bawul, abun haushi.

To mu zo kan wankewa. Ni a ganina in dai matsalar datti ce, wankewa ta fi komai, kuma a garin nan mafi yawan lokuta dattin ne. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba: gwangwanin mai wanke kabureta ɗaya ko biyu, tsohon burushin haƙori, tsumma, sabon gaskit, sai ladan bakanike. A irin motata noti biyu ne kacal ke riƙe da shi, sifana mai lamba 12, soket ɗaya zaka zare, wanda ma ya ɗan saba da taɓa mota zai iya cirewa a ƙofar gida ranar Asabar in inji ya huce. Babbar fa'idar da mutane basa lura da ita kuma ita ce kana riƙe da kayan da kamfani ya ɗauro wa motar, wanda aka auna shi da injin da birenbokis ɗinta, ba wani wanda baka san asalinsa ba.

Amma wanki suna ya tara. Akwai wanda zai cire bawul ya tsoma shi gaba ɗaya cikin kwanon fetur har da kan da wutar ke shiga, ya girgiza ya ɗaura yace an gama. Wannan kashe shi yayi ba wankewa ba, don in ruwan ya shiga wajen koyil da sansa ko ya taɓa robar da ke cikin irin mai iska, ya gama yawo. Akwai masu ƙona shi da wutar walda wai kabon ya zube, na gani da idona, robar ciki ta narke suna ta murna ƙarfe yayi fes. Akwai masu kankare mazaunin da sandfefa ko bakin sukudireba har su yi masa zane, daga nan ba zai sake rufewa ruf ba, ka shigo da ciwo ɗaya ka fita da wani. Yadda ya kamata shine a juya shi ɓangaren ƙarfen na kallon ƙasa, a fesa a bar shi ya jiƙa kamar minti goma sha biyar, a goge da burushi, a maimaita har ɗan sandan cikin ya riƙa shiga yana dawowa da kansa ba tare da ya kama ba. Dattijon nan ya nuna min wata dabara: ka kifa shi ka zuba ɗan ruwan wankin a ramin yana rufe, in ya tsaya bai tsiyaye ta ɗaya gefen ba to mazaunin lafiya lau, in ya zurare to ko dai da sauran datti ko ya cinye.

Sai uwa uba, hanyar. Wanke bawul a bar hanyar manifol a toshe daidai yake da wanke famfo alhali bututun ne ya cushe, ruwa ba zai zo ba. Nan ne aikin yake da cin lokaci, don wani lokacin sai an kwance totur bodi da saman manifol, kuma nan ne ragon bakanike ke gudu, ya fi masa sauƙi ya aike ka kasuwa ya samu nasa a wajen mai kaya. In ana yi ka tsaya a kai ka tabbatar an toshe ramukan shiga inji da tsumma mai tsabta kada ɓarɓashin kabon ya faɗa ciki. Kuma dan Allah a sa sabon gaskit, kar a shafa gam a tsohon, wajen akwai zafi sosai gam ɗin zai ƙone iska ta riƙa shiga silo ya lalace. Masu Honda kuma in za a cire kan batir ku tabbatar kuna da lambar rediyo, ni sai da na yi sati biyu ina tuƙi shiru ba labaran safe.

Raunin wankewa shine ba ta da tabbas na har abada, kuma bata tada matacce. In robar cikin mai iska ta yage, in koyil ya ƙone, in sansa ta daina karantawa, in haƙoran giyar roba da ke cikin irin masu ɗan moto sun kakkarye, in sandan yayi lagwai-lagwai yana yoyon hayaƙi ta gefe, ko ka wanke shi da ruwan zamzam ba zai tashi ba. Nan sayen wani ya zama dole, kuma jinkiri asara ce don zaka ta biyan kuɗin kwancewa da ɗaurawa a banza.

Gane hakan ba wuya. In mai iska ne, a jona masa ɗan famfon hannu mota na silo a zuƙa: in ya buɗe injin ya fara tangal-tangal ko ya mutu, bawul da hanya duk lafiya, a nemi matsalar a tiyo ko suwic. In ya motsa amma injin ko gezau, hanya ce ta toshe. In kuwa ya ƙi riƙe iskar sam, robar ta yage, a sayi wani. In mai wuta ne, kwamfuta mai kyau tana iya umartarsa ya buɗe a ga ko ya amsa, rewaya kuma ya auna koyil ɗin da mita ya duba ko wuta na isowa soket ɗin, don ɓera ma na cin waya. Duk wannan bai fi minti ashirin ba. Bakaniken da yace maka ya mutu bai yi ko ɗaya daga ciki ba, canki-canka yake yi da aljihunka.

To in ta tabbata sai an saya, nan ma akwai zaɓi uku kuma kowanne da nasa ciwon kan. Sabo dal orijinal na kamfani shi ne kwanciyar hankali, amma da yadda dala ta koma kuɗinsa zai sa ka kalli motar ka kalli kanka, wani lokacin ma babu shi a Kaduna sai an aiko daga Legas ko Kano ka jira kwanaki. Sabo ɗan Cana a kwali mai ƙyalli yana da araha, sai dai sa'a ce, wani yayi aiki shekaru wani sansarsa bata karanta daidai tun ranar farko wutar ta ƙi mutuwa, kuma a roba da koyil suke rage kuɗin, wato daidai inda abun ke mutuwa. Ɗan Beljiyam shi ne tsaka-tsaki kuma shi aka fi saye, orijinal ne amma fa daga motar da tayi shekara ashirin aka ciro shi, yana iya zuwa da nasa kabon ɗin ko ma ya fi naka gajiya. In shi zaka saya ka tafi da tsohon a hannu a gwada lamba da lamba, a ƙirga fil ɗin soket, don akwai masu kama da juna sak a ido amma cikin daban, sannan ku yi magana da mai kaya ƙarara a gaban shaida cewa in bai yi ba zaka dawo da shi, a sa masa alama da fenti. Ni na yi sakaci ban yi wannan maganar ba, ga shi nan yanzu ina da bawul biyu masu lafiya mota ɗaya.

Wani abu kuma, a wasu motocin musamman na Turai irin su Volkswagen da Peugeot masu gas na baya-bayan nan, in an ɗaura sabo sai an sa kwamfuta ta gabatar da shi ga birenbokis ya koyi inda rufewarsa da buɗewarsa suke, in ba haka ba sai ka rantse jabu aka sayar maka. Ka tambaya tun kafin a kwance ko suna da na'urar da ke yin hakan.

Masu gas, Hilux da Sharon ɗin haya da 406 HDi da sauransu, lissafinku ya ɗan bambanta. Injin gas dama yana fitar da kunkunniya da yawa, in ta haɗu da tururin baƙin mai da ke fitowa daga numfashin inji sai ta zama wani abu mai danƙo kamar kwalta, ya lulluɓe bawul da manifol har ramin da hannu ke shiga ya koma sai yatsa. Maƙwabcina mai Hilux da aka buɗe tasa da cokali aka riƙa kwasowa, ba ƙari. A irin wannan wankewa ba gyara bace ta lokaci ɗaya, hidima ce da za a riƙa yi lokaci-lokaci kamar juyen mai, kuma sabon bawul ma haka zai koma in ba a wanke manifol ɗin ba. Gas ɗin da aka daɗe ana sha a ƙasar nan ma bai taimaka ba, shekaru da yawa ƙa'idarmu ta yarda da sulfa har 3,000 cikin miliyan alhali a Turai 10 ne, kuma motocin don man can aka ƙera su. Sannan da yawansu na da wani ɗan lagireto da ke sanyaya hayaƙin kafin ya shiga, in ya toshe ana iya wanke shi, amma in ya fashe ta ciki zaka ga ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba ga farin hayaƙi a salansa, wannan kam canji ne ba ja, kuma kar a bari a ce maka top gaskit ne a sauke maka kan inji ba a duba shi ba.

Na san wani zai ce me ya kai ku wannan dogon turanci, a yanko gwangwani a toshe shi kowa ya huta. Ana yi sosai, kamar yadda ake fasa indomin salansa, wato matatar gubar da ke cikinsa, a sayar. Gaskiya in ka maƙale a hanyar Abuja da yamma bawul ya tsaya a buɗe mota na mutuwa, toshewar zata kai ka gida kuma ni ma zan yi. Amma a bar shi haka dindindin, a injin fetur kana gayyato ƙarar nan da na fara da ita, kuma ita ba ƙara bace kawai, man ne ke fashewa kafin lokacinsa yana dukan kan fistin, a zafin watan Afrilu da fetur ɗin da baka san ingancinsa ba wannan ba wasa bane. Wutar cek injin kuma zata zauna a kunne har ka saba da ita, ranar da babbar matsala ta zo baka da mai gaya maka. A wasu masu gas ɗin birenbokis na jin an toshe sai ya rage wa motar ƙarfi ta koma tafiyar hawainiya. Gubar kuma ba Turawa ke shaƙa ba, mu ne a go-sulo ɗin Kasuwa da yaran da ke tallan ruwa a bakin salansa. A kan wannan NOx ɗin ne fa kamfanin Volkswagen ya shiga uku a Amurka a 2015.

Abu na ƙarshe da dattijon ya tsaya a kai, ya ma fi daɗewa a kansa fiye da wankin, shine me ya kawo kabon ɗin. Ya buɗe wajen tamostat ɗin motata ya tarar babu, wani ya cire tun kafin in saya, an kuma haɗa fanka dairek, abun da kusan kowane gareji ke yi wai ƙasarmu da zafi. Yace injin da baya kai zafinsa na aiki kullum birenbokis na ɗauka safiya ce yana ta zuba masa mai fiye da kima, man da bai ƙone da kyau ba kuma shi ne kabon, ga fetur ɗin da tun cire tallafi a Mayun 2023 kowa ke lissafa shi da lita. Haka in inji na shan baƙin mai saboda ringi sun gaji, ko nozul na tsiyaya, ko fulogi sun mutu, ko iya fitar taka daga Unguwar Rimi zuwa ofis ce minti goma ka kashe, ko kana zama cikin mota awa guda da esi a kunne kana jiran madam a gidan biki, ko matatar iska ta sha ƙurar hunturu ba a canja ba, duk wanda ka zaɓa tsakanin wanki da sabo zai sake toshewa, bambancin kawai nawa ka kashe kafin ya toshe. Na sayi tamostat aka mayar, aka gyara wayar fanka ta koma tashi da kanta, yace kuma ko sau biyu a wata in riƙa hawa babban titi in bar ta ta yi gudu na rabin awa ta gasu sosai.

Tsohon bawul ɗina na asali shi aka wanke aka mayar, ɗan Beljiyam ɗin na nannaɗe shi a leda yana cikin but kusa da jak, duk mai Baby Boy da aka gwada nasa aka tabbatar ya mutu da gaske ya neme ni mu daidaita.